Wayar da Baba Ya Ja Daga Zaure Zuwa Falo

Na Allah muke, kuma wurinSa kowa zai koma. Mahaifinmu ya rasu ranar wata Talata da hantsi a gidansa da ke Gyaɗi-Gyaɗi, bayan jinyar da ba ta kwantar da shi sosai ba sai a makon ƙarshe. Kafin la'asar an sallace shi a ƙofar gida, an kai shi maƙabartar Tarauni. Ni ce autarsa, kuma duk dangi sun san bakina ba ya shiru, don haka ba wanda zai yi mamaki idan ya ji ni ce na zauna na rubuta wannan.

A kwanakin zaman makoki na ji Baba a bakin mutane iri-iri, kuma kusan kowa da waya ya tuna shi. Maigidana, da yake zaune a rumfar maza, ya ce tsofaffin abokan aikin Baba na kamfanin tarho sun zo a mota ɗaya, kowa da sandarsa. Bayan an shafa addu'a, ɗayansu ya ɗaga kai ya dubi wayoyin da suka shiga gidan daga turken lantarki, ya taɓa na kusa da shi ya ce wannan ɗaurin na Baba ne, ko a wane gari ya gan shi zai gane. Ladanin masallacin layinmu ya ce tun da aka kafa lasifika a masallacin ba a taɓa kiran mai gyara ba, yanzu ma bai san wanda zai nema ba. A cikin gida kuwa, maƙwabciyarmu mai shagon buga takardu, mutuniyar kudu da ta daɗe a layin har 'ya'yanta sun fi ta Hausa, ta shigo da kular shinkafa ta ajiye, ta zauna gaban Inna tana kuka tana tambayar wa zai riƙa yi mata faɗa yanzu. Faɗan soket take nufi. Duk ranar da Baba ya wuce ya ga ta cusa filogi huɗu a rami ɗaya, sai ya tsaya a bakin shagon ya ƙi tafiya har ta cire. Ta kuma ba mata labarin shekarar da iska ta yaye rufin shagon, Baba ya kwashe injunanta ya kai zaurensa, ya ja mata wuta, ta ci gaba da aiki a can har aka gama gyara.

Duk wannan ya yi mini daɗi. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne maganar wata matar kawunmu. Ina zuba wa baƙi kunu na ji ta rage murya tana ce wa ta gefenta, shi babban ɗan bai ma zo ba, ai dama shi da uban ba su taɓa shiri ba. Na ajiye ludayin na dube ta, ita ma ta san na ji. Gidan makoki ne, sai na haɗiye. Amma ban yarda a rufe Baba da wannan shaida ba.

Baba ma'aikacin tarho ne tun lokacin da ake hawa turke da igiya a ƙugu. Kamfanin ya ruguje, an sallame su, amma shi bai taɓa yarda ya bar aiki ba. Ba rigarsa ɗaya da aljihunta bai huje ba saboda filaya da testa, har Inna ta gaji da ɗinki ta ce ya riƙa kai wa tela da kansa. In yana tafiya a titi, sama yake kallo. Wata Juma'a ya dawo daga masallaci babbar rigarsa duk baƙin ruwan kwata, muka taso muna sannu, shi kuwa abin da ya fara faɗa shi ne wanda ya ɗaura wayar turken da ke kwanar titin gidan Zu bai san aikinsa ba. Yana da ƙa'ida guda a gyara, kuma ya maimaita mini ita har na haddace ba da son raina ba: a taɓa abu ɗaya, a gwada, don in ka taɓa biyu abin ya gyaru ba ka san wanne ne ba, kuma gobe zai dawo. Da rediyo haka yake yi, da fanka haka, har da ciwon kansa. In an ba shi magani biyu sai ya sha ɗaya ya jira ya gani.

Mu biyar ya haifa, kuma ni ya fi sake wa fuska. Ina ja masa gemu ina ƙarama, ina musu da shi ina babba. Yayanmu kuwa, ɗan farinsa, wani sha'ani ne dabam. Baba tashin tsofaffi ne masu tsananin kunyar ɗan fari. Tun da aka raɗa wa Yaya suna bai taɓa faɗar sunan ba, bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, kuma da aka yaye shi Gwaggo ta tafi da shi gidanta a Unguwa Uku, can ya girma. In Baba zai yi zancensa sai ya ce mutumin Unguwa Uku. Da Yaya ya gama karatun likita mutane suka cika zaure da barka, Baba ya ce Allah Ya sa alheri, kamar ɗan maƙwabta ake faɗa masa. Shi ma Yaya haka ya tashi. In ya zo gaisuwa daga bakin ƙofa yake durƙusawa, kansa a ƙasa, a yi ina kwana a yi lafiya, ya tashi. Da ya samu aikin asibiti a Ingila ya tafi da iyalinsa, sunansa a bakin Baba ya koma mutumin Turai.

Mutumin Turai ne ya aiko da kwamfutar tebur mai faffaɗan allo, ya ce don Inna ta riƙa ganin jikoki, tunda idonta ba ya gane fuska a ƙaramar wayar hannu, ga shi kuma sabis ba ya shiga cikin gidan sosai saboda kaurin bango. Masu intanet suka kafa na'urarsu a kan rufin zaure, suka ajiye rauta a ciki, wato ɗan akwatin da ke rarraba intanet ɗin. Ni da nake koyar da kwamfuta a wata sakandaren 'yan mata a Tarauni, na ce a sa abin da zai kamo shi ta iska a huta. Baba ya ce abin da ba zai iya bi da hannunsa daga farko zuwa ƙarshe ba, bai yarda da shi ba. Ya sayo doguwar waya, ya ja ta daga zaure, ta bi jikin katangar tsakar gida, ta shiga falon Inna ta saman taga, ƙusa bayan ƙusa, a miƙe sak. Gaskiya aikin ya yi kyau, kuma intanet ɗin yana gudu.

Kowace Lahadi bayan la'asar ake kiran. Nakan taho daga gidana a Darmanawa in kunna in haɗa. Inna ta zauna a kujera, jikoki uku su cika allon da surutu, uwarsu a gefe, Yaya kuma yana tsaye can baya kamar wanda wucewa kawai ya zo yi. Ana cikin haka sai Baba ya shigo da testa a hannu, ya ce sabon aiki sai an sa masa ido, ya zagaya bayan teburin ya tsuguna yana duban 'yar fitilar da ke jikin ramin wayar. Yaya ya ce ina wuni Baba, Baba ya amsa wa bango da lafiya. Na daɗe ban lura ba cewa kabad ɗin kwanukan Inna mai ƙofar gilashi yana fuskantar allon. Daga inda Baba yake tsugunawa, komai na allon yana fitowa a gilashin, tsakanin tangaran da kofuna. Bayan 'yan watanni sabon aiki ya zama tsoho, ba sauran abin sa wa ido, sai ya daina shigowa. Yakan zauna a zaure ya rage muryar rediyo.

Sai ragon layya ya shigo maganar. An ɗaure shi a gindin katanga, daidai inda wayar ta ɗan sauko don ta kauce wa famfo, ya kwana yana tauna, da safe aka tarar da ita biyu. Na ce a sayo sabuwa. Baba ya dube ni kamar na ce a rushe gidan saboda ƙofa ta karye. Ya ɗauko kujerar tsuguno ya zauna, ya feɗe bakin wayar. Silili takwas ne a ciki, an murɗe su biyu-biyu. Ya warware su kusan tsawon taƙi, ya kankare kowanne, ya haɗa launi da launi, ya liƙe da dalma, ya naɗe da salatif, ya zura haɗin cikin guntun tiyo. Ko ni da nake adawa na yaba da tsabtar aikin. Aka kunna, intanet ya dawo. Layyar ta faɗo a farkon damina ne, kuma ba a yi ruwa uku ba abin ya fara ja da baya.

Shafi ya riƙa buɗewa kamar ana jan sa da igiya. Ranar Lahadi kuwa fuskokin yara su daskare, baki a buɗe, murya ta zo a gutsure, Inna ta yi tambaya sai amsar ta iso bayan ta manta abin da ta tambaya. Baba ya dawo falo da testarsa, wannan karon da hujja mai ƙarfi. Ya fara da kashe rauta da kunnawa. Bai yi ba. Mako na gaba ya kira masu intanet, ya yi wa yarinyar da ta ɗauka lacca a kan yadda ake kula da layi a zamaninsu, har suka turo ma'aikaci. Mutumin ya gwada a zaure, ya nuna masa saurin yana nan yadda ya kamata, ya yi sallama. Wani makon Baba ya ce 'ya'yana ne suka cika kwamfutar da wasanni, na zauna na share, na bincika ko akwai bairos, na tsayar da duk abin da ke saukar da kansa a ɓoye. Wani makon aka canja ramin da wayar take shiga a jikin rauta. Abu ɗaya ake taɓawa, kuma a wurinsa gwaji bai cika gwaji ba sai a kiran Lahadi. Da haka damina ta yi nisa muna abu ɗaya.

Haƙurina ba shi da yawa, kowa ya sani. Wata Asabar na zo da laftof ɗina da gajeriyar waya. Na soka a rauta a zaure, intanet yana gudu. Na shiga falo na zare doguwar wayar daga kwamfutar Inna na soka a laftof ɗin, sai rarrafe. Fitilar da ya kamata ta zama kore ta koma ruwan ɗorawa, ma'aunin sauri kuma yana nuna goma a inda ya kamata ya nuna ɗari. Ba kamfani ba ne, ba kwamfuta ba ce, ba 'ya'yana ba ne. Na same shi a zaure yana gyaran wata tocila.

"Baba, wayar ce. Haɗin nan na wajen rago."

"Haɗin wa?"

"Naka."

Ya ajiye tocilar. Ya ce ya haɗa wayoyi a cikin daji da ruwa da rana tun kafin ya san Inna, ba wanda ya taɓa dawo masa da aiki, yau kuma yarinyar da ta koyi kwamfuta a jikin allo ce za ta koya masa haɗi. Ni ma ban yi shiru ba. Na ce tarho silili biyu ne kuma murya kawai yake ɗauka, wannan kuwa takwas ne, murɗin nan da ya warware shi ne yake hana su damun juna, ga shi kuma ruwa yana bin katangar. Da na ga yana girgiza kai sai na ce masa wannan ba tarho ba ne, tarho ya mutu. Ya ɗauki tocilarsa ya ci gaba da kwancewa. Ta fuskar waya dai har yau ni ce da gaskiya.

Na wuce kasuwar 'yan waya na sayo sabuwa mai tsawon da zai isa, da kawunanta a haɗe, na kawo na ajiye masa. Ya ɗora ta a kan wadirof a cikin ledarta. Makonni ina gaishe shi yana amsawa a taƙaice, ba tsokana, ba tambayar ɗalibaina. Ranar Lahadi kuma ya shigo ya tsuguna a bayan tebur, ya ce yau wutar da ke shiga kwamfutar zai auna. Na kai ƙara wurin Inna a kicin, na ce girman kai ne kawai, mutum ya ga gaskiya ya ƙi ta. Inna tana tankaɗe ba ta ko ɗago ba.

"Ke kina ganin bai san haɗinsa ya sha ruwa ba? In wayar ta gyaru, me zai ce ya shigo yi?"

Sai a lokacin na gane. Tun ranar ban sake tayar da zancen ba. Na riƙa zuwa ina kunnawa, fuskoki suna daskarewa, Baba yana aune-aunensa yana satar kallon kabad, ni kuma ina taya shi da cewa wataƙila hadari ne.

Wajen ƙarshen damina ƙafafunsa suka fara kumbura, numfashi ya riƙa yi masa wuya in ya taka daga zaure zuwa cikin gida. A asibiti aka ce zuciya ce, kuma likitan bai ɓoye mana cewa ta gaji ba. Yaya ya so ya taho, amma fasfonsa yana ofishin da ake sabunta musu takardun zama, ba a san ranar fitowarsa ba, in kuma ya matsa ya karɓo ya fito, komawa wurin aikinsa da 'ya'yansa za ta gagara. Ya ce ko haka ne zai zo. Baba ya aike ni da saƙo, ya ce in gaya wa mutumin Turai ya zauna inda yake, ba a barin yara a ƙasar mutane saboda ciwon ƙafa. Daga nan na san abin da ya rage musu su biyun shi ne wannan allon, kuma allon ba ya nuna komai sai fuskar da ta tsaya cak.

Wata Lahadi abin ya kai maƙura. Yaya ya matso gaba, abin da bai saba ba, yana tambayata sunayen magungunan da aka rubuta, sai fuskarsa ta wargaje ta zama dabbare-dabbare, murya ta ɗauke, allon ya yi baƙi. Muka sake kira ya ƙi shiga. Baba yana tsugune a bayan tebur, ya yunƙura zai tashi ya kasa. Na kama shi na ɗaga, na ji yadda ya yi sauƙi a hannuna duk da kumburin, raina ya ɓaci ƙwarai. Ya dafa bango ya fita.

Washegari ina tashi daga makaranta na ga kiransa. Na tarar da shi a tsakar gida kan kujerar tsuguno, ya tsaga tiyon da reza, ruwa ya tsiyaye a ƙasa, salatif ya saki. Tagullar da ya kankare da hannunsa ta yi kore, wasu silin sun rube har sun rabu.

"Zo ki ga aikin ubanki," in ji shi.

Ya juya haɗin a tafin hannunsa yana dubawa kamar na wani ne aka kawo masa. Ya ce dalmar ta kama, ba laifinta, amma bai kamata ya warware murɗin haka ba, kuma tiyo ba ya hana ruwa, tara shi yake yi. Sannan ya ce in ɗauko ledar da ke kan wadirof. Maigidana ya hau tsani, Baba yana zaune yana nuni da sanda: a ɗaga ta sama da inda dabba za ta kai, a zura ta cikin bututu, kada a lanƙwasa ta da ƙarfi a kwana, kada kuma kowa ya kuskura ya yanke ta ko da ta yi saura. Saurar aka naɗe aka rataye a bayan tebur. Na soka, fitila ta yi kore, kwamfuta ta nuna ɗari. Ya sa na buɗe shafuka uku yana kallo, ya gyaɗa kai, ya ce to, an gama.

An gama ɗin ne kuwa. Lahadin da ta biyo hoton ya fito tar, har gibin haƙoran 'yar autar Yaya ana gani, murya kuma kamar a ɗakin suke. Inna ta yi ta dariya. Baba bai shigo ba. Ina jin rediyonsa a zaure, an rage murya. Mako na gaba ma haka. Tsoro ya kama ni sosai, don ina ganin yadda yake raguwa kullum, ga hanya ta buɗe shi kuma ba shi da dalilin bin ta. Har zaure na je na ce masa fitilar kamar tana ƙiftawa, ko zai zo ya duba. Ya ce ƙarya nake yi, kore ce, ya duba da safe. Na koma falo ina jin haushinsa, ina jin haushin Yaya da yake tsaye a bayan yara yana leƙen gefen allo, ina jin haushin duk wanda ya fara ƙirƙiro wannan kunya.

Ranar Lahadin da ta zama ta ƙarshe, muna tsakiyar hira sai na ji jan takalmi da ƙwanƙwasar sanda a tsakar gida. Ya daɗe kafin ya iso. Da ya ɗaga labule na ga ya sa rigarsa ta Juma'a da hula, kuma ba testa a hannunsa. Bai zagaya bayan tebur ba. Ya tsaya a gefen kujerar Inna, ita kuwa ta dube shi sau ɗaya ta tashi ta fita, amma ina ganin ƙafafunta a ƙarƙashin labule. Ya zauna yana haki, ya jira numfashinsa ya daidaita. Yaran suka zuba masa ido, don ba su taɓa ganin fuskarsa a allon ba, muryarsa kawai suka sani. Babbar jikar ce ta fara farfaɗowa, ta ce ashe angon nata tsoho ne haka, ita ta fasa. Baba ya ce dama shi ma ya gaji da matar da ba ta iya tuwo ba, ta matsa gefe, yau ba wurinta ya zo ba, ta kira masa ubanta.

Yaya ya taho daga baya. Yana isowa gaban kwamfutar ya yi abin da ya saba yi tun yana yaro, ya durƙusa har ƙasa. Allon ya koma ba kowa, sai farin bango da labulen tagarsu, muryarsa tana fitowa daga can ƙasa tana cewa ina wuni Baba, ya jiki.

"Tashi," in ji Baba. "Ban kwance haɗina don in kalli bango ba."

Yaya ya taso ya zauna a kujera, kansa a sunkuye.

"Ɗago."

Ya ɗago. Suka dubi juna, ba wanda ya motsa, ba wanda ya yi magana. Abin ya yi tsawo har gabana ya faɗi, na ɗauka hoton ne ya sake daskarewa, na miƙa hannu zan taɓa linzamin kwamfutar. Sai na ga labulen da ke bayan Yaya yana kaɗawa a hankali. Na janye hannuna.

"Ka yi furfura," in ji Baba.

"Eh, Baba."

"Tun yaushe?"

"An ɗan jima, Baba."

"Ba a gaya mini ba."

Ya ƙara matsowa kusa da allon, ya dube shi tun daga goshi har gemu, a nutse, yadda yake duban aikin da zai sa wa hannu. Sannan ya ce masa ya riƙe 'yan'uwansa, ya riƙe uwarsa, kuma shi Yaya bai taɓa ɓata masa rai ba ko sau ɗaya, Allah Ya yi masa albarka. Sunan dai bai faɗa ba. Bakin Yaya ya motsa da amin, amma sautin bai fito ba, kuma wannan karon na san lafiyar waya ƙalau.

Baba bai sake iya takowa falo ba. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Inna da mu haƙurin rashinsa. Allah Ya sada shi da ɗansa a inda ba sai an nemi dalilin shiga ɗaki ba. Amin.